Man Ƙamshi na Tsirrai Wajen Hana Abinci Lalacewa: Tambayoyi da Amsoshi

Mutane da yawa yanzu sukan juya gwangwani ko kwalba su karanta jerin sinadaran da ke baya kafin su saya, kuma da zarar sun ci karo da sunayen da ba su gane ba sai hankalinsu ya ƙi kwanciya. Wannan ne ya sa masu bincike da kamfanonin abinci suka karkata ga man ƙamshin da ake fitarwa daga kanumfari, kirfa, na'ana'a, ɓawon lemo da makamantansu, don ganin ko zai iya maye gurbin waɗancan sinadarai da ake sa wa abinci don kar ya lalace. Batun yana da gaskiya a cikinsa, akwai kuma zuzutawa mai yawa, kuma zuzutawar tana iya kai mutum asibiti. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Mene ne man ƙamshi na tsirrai? Ɗaya yake da man girki?

A'a, suna kawai suka haɗa. Man girki, irin na zaitun ko na waken soya, maiƙo ne da ake matsowa daga ƙwaya ko 'ya'yan itace, kuma abinci ne. Man ƙamshi kuwa shi ne ainihin sinadaran da ke ba tsiro ƙamshinsa, waɗanda ke bin iska cikin sauƙi. Ɗiga man girki a takarda, tabon zai zauna. Ɗiga man na'ana'a, bayan ɗan lokaci za ka tarar ya bi iska, takardar kusan kamar ba a taɓa ta ba.

Yawancinsa ta tururi ake fitar da shi. Ana zuba ganye ko ɓawo ko fure a babbar tukunya, a tura tururi ya ratsa su, tururin ya kwaso sinadaran ƙamshin, sannan a bi da shi ta bututu mai sanyi ya koma ruwa. A kwalbar da ake tara shi za ka ga ruwa mai ɗan gurɓi a ƙasa, siririn layin mai yana yawo a sama. Man kanumfari da na ɓawon kirfa suna cikin waɗanda suka fita daban: sun fi ruwa nauyi, don haka ƙasa suke kwanciya. Na lemo ba ya buƙatar wuta ma, matse ɓawon ake yi. Feshin nan da ke tsartuwa ya shiga ido idan ana ɓare lemo, shi ne man.

An san nau'o'insa kusan 3,000, amma waɗanda ake cinikinsu sosai ba su wuce 300 ba, kuma mafi yawansu turare da sabulu da ƙara wa abinci ɗanɗano suke tafiya. Abin da ya kamata a riƙe tun daga nan shi ne tsananin ƙarfinsa. Ɓawon kirfa kilo 100 galibi ba ya ba da fiye da kilo 1 zuwa 2 na mai. Ke nan ɗan abin da ke cikin ƙaramar kwalba ya tattara ƙarfin tulin kayan ƙamshin da babu mai iya cinye su a zama ɗaya.

Da gaske yana kashe ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci?

Ƙwarai kuwa, wannan ba abin musu ba ne. Gwajin da aka saba yi a ɗakin gwaje-gwaje mai sauƙi ne: a shafa ƙwayoyin cuta a faranti mai ɗauke da abincinsu, a ɗora ɗan guntun takarda da aka jiƙa da man a tsakiya, a rufe a bar shi ya kwana a wuri mai ɗumi. Washegari farantin ya yi fari fat da ƙwayoyin da suka hayayyafa, sai dai kewayen takardar akwai zobe garau wanda ko ɗaya ba ta tsira a cikinsa ba. Faɗin zoben shi ke nuna ƙarfin man, kuma na kirfa da na kanumfari kan yi faɗi sosai.

A shekarar 2004 wata mai bincike a Jami'ar Utrecht ta ƙasar Holan, Sara Burt, ta tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa wuri ɗaya. Ta nuna cewa mikrolita 0.2 zuwa 10 na man (mikrolita kashi ɗaya ne cikin dubu na mililita) a cikin kowace mililita ta ruwan gwajin ya isa ya dakatar da manyan masu jawo gubar abinci, irin su Salmonella, Listeria, E. coli O157:H7, Bacillus cereus da Staphylococcus aureus. Wannan ba ƙaramin abu ba ne idan aka tuna ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015, cewa mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da ciwo kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma su rasu, daga cikinsu 125,000 yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar.

Ta wace hanya yake kashe su?

Kowace ƙwayar bakteriya tana lulluɓe da siririn tantani na maiƙo, wanda ke riƙe abin da ke cikinta kuma ta hanyarsa take samar da ƙarfin da take rayuwa da shi. Sinadaran man ƙamshi ba sa son ruwa, maiƙo suke bi, don haka kai tsaye suke shigewa cikin wannan tantanin su sassauta shi. Daga nan ƙwayar ta fara yoyo: gishirin cikinta ya tsiyaye, ƙarfinta ya ƙare, ta kasa hayayyafa ko ta mutu. Wasu sinadaran, kamar na kirfa, suna kuma maƙale wa furotin ɗin da ƙwayar ke aiki da su.

Ba duka bakteriya ne ke faɗuwa da sauƙi ɗaya ba. Waɗanda ke da ƙarin rufi na waje, irin su Salmonella da E. coli, sun ɗan fi Listeria da Staphylococcus juriya. Dangin Pseudomonas, waɗanda ke sa nama da kifi yauƙi da wari ko a cikin firji, suna daga cikin mafiya taurin kai.

Waɗanne mayuka ne suka fi ƙarfi?

Huɗu ne kusan kullum ke kan gaba. Man kanumfari, wanda kashi 70 zuwa 90 cikin 100 nasa sinadarin yujinol ne. Man ɓawon kirfa, mai sinamaldihaid. Man origano, mai kabakrol, wanda kan kai kashi 80 a wasu nau'o'in. Sai man tayim, mai tayimol. Bayansu akwai man ciyawar lemongiras mai sinadarin sitral, wanda ke da tasiri musamman kan fumfuna, da man mastad mai yajin da ke hawa hanci. Man ɓawon lemo, wanda kusan kashi 90 nasa limonen ne, da man citta, ƙamshinsu ya fi ƙarfinsu.

Amma suna a jikin kwalba bai isa ba. Tayim kaɗai yana da nau'o'i da dama waɗanda a ido iri ɗaya ne, amma wani tayimol ne ya cika shi, wani kuma linalul, wanda bai kai shi ƙarfi ba ko kusa. Ƙasar da aka shuka, lokacin girbi, da ɓangaren tsiron duk suna canja man. Man ganyen kirfa, alal misali, yujinol ne ya fi yawa a cikinsa, ya fi kama da na kanumfari fiye da na ɓawon kirfar kanta.

To idan haka yake da ƙarfi, me ya hana kamfanoni su watsar da sauran sinadarai su koma kansa?

A nan gizo ke saƙa. Faranti a ɗakin gwaji daban, abinci daban.

Na farko, maiƙon abinci yana shanye man. Halin nan nasa na bin maiƙo, wanda ke ba shi damar huda tantanin bakteriya, shi ne kuma ke sa ya narke cikin kitsen nama ko na cuku ya yi zamansa can, alhali bakteriyar tana ɓangaren ruwan abincin tana ta hayayyafa. Furotin ma yana riƙe wani kaso, sitaci ya ɓoye wani. Abin da ya rage ya isa ga ƙwayar cutar kaɗan ne. Shi ya sa a binciken Burt adadin da ake buƙata a cikin ainihin abinci ya tashi zuwa mikrolita 0.5 zuwa 20 a kowane giram. Idan aka mai da shi ma'aunin kicin, wannan na nufin daga rabin mililita har zuwa mililita 20 a kilo ɗaya, wato har ƙananan cokula huɗu. Mafi yawan maiƙon abinci, mafi yawan man da zai ci.

Na biyu, harshe da hanci suna jin waɗannan sinadarai tun kafin bakteriya ta ji su. Ɗigo biyu na man kanumfari sun isa su mamaye ɗanɗanon tukunyar miya, kuma idan aka ƙara sai harshe ya yi nauyi ya mutu, don dama likitocin haƙori sun daɗe suna amfani da yujinol wajen kashe zafi. Madarar da aka zuba wa isasshen man tayim da zai kare ta, babu mai iya shan ta. Wannan ita ce babbar matsalar fannin gaba ɗaya: tazarar da ke tsakanin adadin da ke aiki da adadin da ke ɓata abincin ƙanƙanuwa ce, a abinci da yawa ma babu ita sam.

Na uku, man yana bin iska. Zafin girki yana kore shi, haske da iska suna canja sinadaransa, don haka kariyar da aka samu ranar farko ba lallai ta kai mako na uku ba. Na huɗu, kamfani yana son abin da zai auna yau da gobe ya samu sakamako iri ɗaya, man da ƙarfinsa ke hawa da sauka daga girbi zuwa girbi kuwa ba ya ba da wannan tabbacin sai an gwada kowane kaso da aka sayo.

Ai daga tsiro yake. Wace illa zai yi ko an zuba da yawa?

Wannan tunanin ne ya fi tayar mini da hankali, domin yara ne suka fi shan wahalarsa. Tsiro yana ƙera waɗannan sinadarai ne don ya kori ƙwari da cututtuka, kuma ƙwayoyin jikinmu ma tantanin maiƙo ne ke lulluɓe da su.

Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade wa yujinol miligiram 2.5 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mutum mai kilo 60 ke nan miligiram 150, wanda bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mililitar man kanumfari ba, 'yan ɗigo kaɗan. Yaro mai kilo 15 kuwa kusan ɗigo ɗaya ne rabonsa. Yanzu a ce an zuba ƙaramin cokali ɗaya na man kanumfari, mililita 5, a kilon nama don a kare shi, mutumin nan mai kilo 60 ya ci giram 200: ya sha mililita ɗaya ke nan, fiye da ninki biyar na abin da aka ƙayyade masa, a cin abinci guda. Likitoci sun rubuta labarin ƙananan yara da hantarsu ta lalace bayan sun haɗiye mililita 5 zuwa 10 na man kanumfari.

Akwai kuma waɗanda bai kamata su kusanci abinci a gida ba ko kaɗan. Man wintagirin kusan gaba ɗayansa metil salisilat ne, ƙaramin cokali ɗaya daidai yake da kusan giram 7 na asfirin, wato ƙwayoyi fiye da 20, kuma ya isa ya kashe yaro. Man yukaliftus yana jawo farfaɗiya da suma ga yara. Man fenirayal yana lalata hanta. Man sasafras yana ɗauke da safrol, wanda Amurka ta haramta a abinci tun 1960 bayan an ga yana jawo kansar hanta ga dabbobin gwaji. Ko kirfar da ake kira kasiya, wadda ake nomawa a Sin, Biyetnam da Indunusiya, tana da sinadarin kumarin mai yawa fiye da kirfar Siri Lanka, kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ƙayyade masa miligiram 0.1 ga kowane kilon jiki a rana saboda hanta.

Masu ciki, masu shayarwa, ƙananan yara, masu ciwon hanta da masu shan maganin hana jini daskarewa su fi kowa taka tsantsan.

Su sinadaran da ake gudu ɗin, duka ne masu cutarwa?

Ba duka ba, kuma iyakar da ake ja tsakanin na tsiro da na masana'anta ba ta da tsauri yadda ake zato. Asid ɗin sobik, uwar sinadarin da ake rubutawa E202 a jikin kwalaye, daga 'ya'yan wata bishiya ta Turai aka fara fitar da shi a 1859. Asid ɗin benzoyik, tushen E211, yana nan cikin 'ya'yan kiranberi tun fil azal. Yau a masana'anta ake haɗa su, amma sinadarin bai canja ba.

Damuwar da ta fi tushe ita ce ta naitirait da ake sa wa sarrafaffen nama. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sarrafaffen nama cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa, musamman ta hanji. Sai dai naitirait ɗin nan shi ke hana bakteriyar Clostridium botulinum tsiro a cikin naman, kuma gubarta ita ce mafi ƙarfi da aka sani. Duk wanda zai cire shi dole ya kawo abin da zai tsaya a gurbinsa da tabbaci iri ɗaya, kuma man ƙamshi shi kaɗai bai kai wannan matsayin ba.

Zai iya maye gurbin firji?

A'a. Dafaffen abinci da nama da madara suna buƙatar sanyin ƙasa da digiri 5 ko zafin sama da digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, da man ko babu. Hasali ma man ya fi aiki a cikin sanyi.

Idan na jiƙa tafarnuwa ko ɗanyen ganyen ƙamshi a man girki, ai na samu abu ɗaya ko?

Ba ka samu ba, kuma wannan haɗin yana da haɗarin da mutane kaɗan suka sani. Tafarnuwa daga ƙasa take fitowa, ƙasa kuwa gidan irin Clostridium botulinum ne. Irin nan yana da sulke, tafasa ta yau da kullum ba ta kashe shi, sai zafin digiri 121 a tukunyar matsi. Abin da yake jira kawai shi ne wuri mai danshi, marar iska, marar tsami. Ɗanyar tafarnuwa da ta nutse cikin mai a wajen firji ta cika waɗannan sharuɗɗa duka uku, kuma gubar ba lallai ta canja wari ko kala ba.

A 1985 fiye da mutum 30 suka kamu da wannan guba a birnin Vancouver na Kanada ta hanyar yankakkiyar tafarnuwa cikin mai, a 1989 kuma aka sake samun irinsa a jihar New York, abin da ya sa hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta wa kamfanoni ƙara asid a irin wannan haɗi. Ma'aunin tsami na pH 4.6 shi ne iyaka, ƙasa da shi, wato idan tsamin ya fi haka, ƙwayar ba ta tsiro. Wanda ya yi haɗin a gida ya sa a firji nan take, ya gama da shi cikin kwana huɗu.

To a ina ne man yake da amfani na gaske?

A matsayin mataimaki. Wani masanin kimiyyar abinci Bajamushe, Lothar Leistner, ya yaɗa wata dabara tun shekarun 1970: maimakon a dogara da kariya ɗaya mai tsanani, a jera ƙananan shingaye da dama, ɗan gishiri, ɗan tsami, sanyi, rage iska, ɗan zafi, ta yadda ƙwayar cuta za ta gaji kafin ta tsallake su duka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma man ƙamshi hannu ɗaya ne a cikin hannuwan.

A nan ne yake haskakawa, domin tsami da sanyi da ƙarancin oksijin duk suna ƙara masa ƙarfi. Bakteriyar da tsami ya riga ya galabaitar, ɗan man da harshe zai iya jurewa ya isa ya ƙarasa ta. Shi ya sa sakamakon ya fi kyau a ruwan 'ya'yan itace, kayan lambu, miyar kwalba mai tsami da naman da aka zuƙe wa iska aka sa a sanyi, fiye da abinci mai maiƙo da aka bari a buɗe. Haɗa mayuka biyu ma kan taimaka: sinamaldihaid da yujinol tare sun fi ƙarfin jimillar kowannensu shi kaɗai, don haka ana iya rage adadin kowanne.

Akwai dabarar da ke magance matsalar ƙamshi da bin iska?

Akwai uku da masu bincike suka fi duƙufa a kai. Ta farko ita ce a kulle man cikin ƙananan ƙwanso da ido ba ya gani, na sitaci ko na ƙaro ko na wani sukari mai siffar zobe da ake kira saikulodestirin, ya riƙa fita a hankali. Ta biyu, a farfasa shi ya zama ɗigo-ɗigo ƙanana ƙwarai da za su bazu cikin ruwa maimakon su taru a sama. Ta uku, wadda a ganina ta fi ma'ana, ita ce kar a zuba shi cikin abincin sam: a sa shi a jikin ledar ko takardar da aka naɗe abincin, ko cikin siririn shafi na kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande. Lalacewar burodi, cuku, 'ya'yan itace da nama daga sama take farawa, don haka tururin man ya yi aikinsa a saman, cikin abincin kuma ya tsira da ɗanɗanonsa. Da yawa daga waɗannan dabaru har yanzu a matakin gwaji suke, tsada ce ke riƙe su.

Akwai inda ya riga ya fita daga ɗakin gwaji ya shiga kasuwa?

Akwai, kuma misali mafi kyau shi ne rumbunan dankalin Turawa. Shekaru da dama ana fesa wa dankali sinadarin kulorofrofam don kar ya yi tsiro a ajiya. Tarayyar Turai ta ƙi sabunta izininsa a 2019, daga 2020 aka daina amfani da shi. Cikin abubuwan da manoma suka koma kansu akwai man na'ana'a da man ɓawon lemo, waɗanda ake hura su kamar hazo cikin rumbu su ƙone kan tsiron. Dole a riƙa maimaitawa saboda suna bin iska, amma suna aiki. A Japan kuma ana sa siraran ledoji masu ɗauke da sinadarin yajin mastad a saman abincin da aka zuba a akwati, tururinsa ya rage saurin lalacewa.

Yana hana mai da gyaɗa yin maƙaƙi?

Maƙaƙi ba aikin ƙwayoyin cuta ba ne, oksijin ne ke cin maiƙon. Yujinol, tayimol da kabakrol suna rage saurin hakan. Amma zakaran wannan fanni shi ne abin da ake tatsowa daga ganyen rozmari, wanda Tarayyar Turai ta amince da shi a 2010 da lamba E392, kuma shi ba man ƙamshi ba ne. Sinadaran ganyen ne waɗanda ba sa bin iska, galibi ma an rage musu ƙamshin da gangan. Mutane kan rikita su biyun.

Idan abinci ya fara fumfuna ko wari, man zai gyara shi?

Ba zai gyara ba, abin da zai yi ya fi muni: ƙamshinsa zai rufe warin da ke gargaɗin mutum. Mayuka irin na kirfa da lemongiras suna rage tsiron fumfunar Aspergillus flavus a gwaji, amma gubar aflatoksin da wannan fumfunar ta riga ta zuba cikin masara ko gyaɗa tana nan daram, ko girki ba ya kawar da ita, kuma tana jawo kansar hanta. Haka gubar Staphylococcus take jure tafasa. Abincin da ya lalace zubar da shi ake yi.

Garin kayan ƙamshi fa, ba zai wadatar ba?

Don girkin gida shi ya fi dacewa, domin ɗanɗanonsa zai tsayar da hannunka tun kafin ka kai adadi mai cutarwa. Sai dai kariyarsa ƙarama ce. A 1998 masu bincike biyu na Jami'ar Cornell ta Amurka, Jennifer Billing da Paul Sherman, sun nazarci girke-girken nama fiye da 4,500 daga ƙasashe 36, suka ga ƙasashe masu zafi sun fi zuba kayan ƙamshi, suka danganta hakan da kariya daga ƙwayoyin cuta. Wani nazari mafi faɗi da aka wallafa a 2021 ya nuna dangantakar ba ta tsaya da ƙafafunta ba idan aka yi la'akari da talauci da kusancin al'adu. A tuna kuma garin kayan ƙamshi shi kansa yana iya zuwa da Salmonella idan ba a busar da shi da tsafta ba, don haka gara a zuba shi tun abinci yana kan wuta.

Me doka ta ce?

Ya danganta da ƙasa. A Amurka mayuka da yawa, har da na kanumfari, kirfa, tayim da origano, suna cikin jerin abubuwan da aka ɗauka ba su da haɗari, amma a ɗan adadin da ake sawa don ɗanɗano. A Tarayyar Turai dokar 1334 ta 2008 ce ke kula da su a matsayin masu ƙara ɗanɗano, kuma ta sa iyaka ga sinadarai irin su kumarin, safrol da estiragol. Izinin ɗanɗano bai zama izinin zuba ninki goma don adanawa ba. Mai sayar da abinci ya tuntuɓi hukumar abinci ta ƙasarsa kafin ya rubuta wani iƙirari a jikin kayansa.

Ina da ƙaramar sana'ar sarrafa abinci, ina son gwadawa. Ta ina zan fara?

Fara da abubuwan da aka tabbatar: tsaftar hannu da kayan aiki, isasshen zafi, busarwa sosai, gishiri ko sukari ko tsami gwargwadon abincin, mazubi mai rufuwa kam, da sanyi. Idan waɗannan sun tsaya, sannan a yi maganar ƙarin mai.

Sayi wanda aka rubuta ƙarara cewa na abinci ne. Wanda aka yi don turare ko tausa ana iya gauraya shi da abubuwan da ba a ci. Nemi sunan tsiron na kimiyya a jikin kwalbar, da ɓangaren da aka tato man, da takardar gwajin da ke nuna kason babban sinadarinsa. Auna da sirinji ko sikeli mai nuna miligiram, kar ka dogara da ɗigo, don girman ɗigo yana canjawa daga kwalba zuwa kwalba. Narkar da shi cikin ɗan man girki kafin ka gauraya, in ba haka ba zai taru wuri ɗaya wani ya ci rabon mutum goma. Zaɓi wanda ƙamshinsa dama ya dace da abincin, kamar kirfa ga burodi da kek ko tayim ga nama.

Daga nan ka yi kaso biyu, ɗaya da man ɗaya babu, ka kai su ɗakin gwaje-gwaje a ƙirga ƙwayoyin cutar da ke ciki a ranaku daban-daban. Hanci da ido ba sa ganin Listeria ko Salmonella, don haka kar ka ƙara ko kwana ɗaya a kan wa'adin da ka rubuta a jikin kaya sai sakamakon gwajin ya ba ka dama. Rubuta sunan man cikin jerin abubuwan da ke ciki saboda masu borin jini. Kwalbar man kuma ta zama ta gilashi mai duhu, a rufe ta kam, a ajiye ta nesa da wuta da rana, a wurin da hannun yaro ba zai kai ba.